IDAN ALƘALAMI YA CIJE

Kowace shekara, da zarar an yi shelar neman labarai domin wannan mujalla ta makaranta, ɗalibai da yawa sukan ɗauki alƙalami da murna. Amma idan ranar karɓa ta zo, kaɗan ne ke kawo labarin da ya kai ƙarshe. Sauran kuwa, in ka tambaye su, amsar kusan ɗaya ce: "Malam, na fara, yana tafiya daidai, amma da na kai shafi na 4 sai komai ya tsaya cik, na rasa abin da zan faɗa." Daga nan littafin rubutun ya koma ƙasan akwati, mai shi kuma ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da baiwa.

Wannan hukunci nake so mu sake dubawa tare. Cijewar alƙalami takan sami kowane mai rubuta ƙagaggen labari, har da manyan marubutan duniya. Tana da dalili, kuma wanda ya gane dalilin tasa ya sami rabin magani. Bari mu ɗauki labarin wani littafi da ya cije wa mai shi, mu ga abin da za mu koya.

LITTAFIN DA YA CI SHEKARA 7

An haifi Samuel Clemens, wanda duniya ta sani da suna Mark Twain, a shekarar 1835 a Amurka. Ya tashi a garin Hannibal na jihar Missouri, a bakin babban kogin Misisipi, kuma da ya girma ya yi aikin tuƙin jirgin ruwa a kogin daga 1857 zuwa 1861. A 1876 littafinsa mai suna Tom Sawyer ya fito. A cikin wannan shekara ya fara wani sabo, wato Huckleberry Finn.

Labarin na wani yaro ne mai suna Huck da ya gudu daga hannun ubansa mashayi, da wani bawa mai suna Jim da ya gudu don kada a sayar da shi. Zamanin labarin kafin a hana bauta ne a Amurka a 1865. Su biyun suka hau wani jirgin katako na gungumen da aka ɗaɗɗaure, ruwa yana tafiya da su. Shirinsu shi ne su kai garin Cairo na jihar Illinois (ba Alƙahira ta Masar ba), inda kogin Ohio ya haɗu da Misisipi. Daga nan sai su bi Ohio zuwa jihohin da babu bauta, Jim ya sami 'yanci.

Da farko rubutu ya yi ta zuba. Cikin 'yan makonni Twain ya rubuta kimanin shafi 400 da hannu. Sai ya sa Huck da Jim suka wuce Cairo da dare cikin hazo ba su sani ba, ya kuma sa wani babban jirgin ruwa ya bi ta kan jirgin katakonsu. Huck ya fita gaɓa, ya faɗa gidan wasu mutane masu gabar gado da wani gida. A nan, cikin babi na 18, alƙalami ya cije. A watan Agusta na 1876 Twain ya rubuta wa abokinsa William Dean Howells wasiƙa, ya ce littafin bai gamsar da shi sosai ba, mai yiwuwa ya ajiye shi ko ma ya ƙone shi.

ME YA TSAYAR DA SHI?

Manazarta da yawa suna ganin matsalar a cikin labarin take. Kogin Misisipi kudu yake gangarawa, kudu kuwa ita ce cibiyar bauta. Bawan da ya gudu, me zai kai shi can? Hankali ya ce su juya arewa. Amma Twain ƙasan Misisipi ya sani kamar tafin hannunsa, da garuruwanta da mutanenta, kuma su yake so ya nuna wa masu karatu. Abin da marubuci yake so daban, abin da Jim yake bukata daban. Muddin ba a sami dalilin da zai tilasta musu tafiya kudu ba, labarin ba shi da ƙafar takawa.

Ku lura da wannan sosai. Kalmomi ba su ƙare wa Twain ba, domin a cikin waɗannan shekaru ya fitar da wasu littattafai. Akwai tambaya ɗaya ce a cikin wannan labari wadda bai riga ya sami amsarta ba.

YADDA YA FITA

Bai ƙone takardun ba, ya ajiye su. Wajen 1879 zuwa 1880 ya sake ɗauko su, ya kuma sami mafita. Ya kawo wasu 'yan damfara biyu suka hau jirgin katakon, ɗaya yana da'awar shi basarake ne daga Ingila, ɗayan yana cewa shi ne magajin sarautar Faransa. Suka ƙwace ragamar tafiya. Har takardar ƙarya suka buga mai cewa Jim gudajjen bawa ne da suka kama za su mayar kudu. Yanzu Huck da Jim ba su da zaɓi, tilas su bi ruwa. Dalilin da ake nema ya samu, labari ya motsa. Bayan 'yan babobi kuma ya sake tsayawa.

A 1882 Twain ya koma kogin da kansa. Ya shiga jirgi har New Orleans, ya komo ya ziyarci Hannibal inda ya yi ƙuruciya. Ya ga mutane, ya saurari maganarsu, ya cika littafin aljihunsa da abin da ya gani. A 1883, yana zaune a wata gona kusa da garin Elmira na jihar New York, rubutu ya ɓalle masa, ya ƙarasa littafin cikin 'yan watanni. A wannan zama ne ya rubuta babin da 'yan damfara suka sayar da Jim a kan dala 40, Huck kuma ya yanke shawarar ceto shi ko da me zai same shi, babin da masu karatu da yawa ke ɗauka shi ne zuciyar littafin. An buga shi a Ingila a watan Disamba na 1884, a Amurka kuma a Fabrairu na 1885. Da ya cinna wa takardun nan wuta a 1876, da duniya ta yi asarar ɗaya daga cikin manyan littattafan Amurka.

Twain ya kwatanta kan marubuci da tankin ruwa: in ya ƙare, a bar shi ya sake cika. Mu da muka san rijiya a lokacin rani mun fahimci wannan. Idan aka yi ta ja da safe har guga ya fara kawo laka, mai hankali ba ya cike rijiyar da ƙasa. Yakan bar ta zuwa yamma, ya tarar ruwa ya taru.

DARUSSA DAGA WANNAN LABARI

Na farko, kada ka yaga abin da ka rubuta a ranar da ranka ya ɓaci. Sa kwanan wata a kansa, ka ajiye shi inda gara ba za ta ci ba.

Na biyu, nemi ainihin wurin da labarin ya ɓace hanya. Sau da yawa ba a layin ƙarshe matsalar take ba, tana baya da shafi 2 ko 3, inda ka sa wani ya yi abin da ba halinsa ba ne. Ɗauki wata takarda dabam, ka amsa tambayoyi 3 game da jarumin labarinka: Me yake so? Wa ko me ke hana shi? Me zai rasa idan bai samu ba? Idan ka kasa amsa ɗaya daga cikinsu, to ka gano ciwon.

Na uku, idan mutanen labarinka sun zauna ba abin da ke faruwa, kawo musu baƙo ko matsala, kamar yadda Twain ya kawo 'yan damfara. A ce kana rubuta labarin yarinyar da ta ci jarrabawa amma babu kuɗin makaranta, ka kuma tsaya a inda take zaune tana kuka. Kuka ba zai cika shafi 5 ba. Amma idan kawunta ya iso daga birni ya ce zai biya, bisa sharaɗin ta bar mahaifiyarta marar lafiya ta bi shi, yanzu tana da zaɓi mai wuya a gabanta, kai kuma kana da abin rubutawa.

Na huɗu, je ka cika rijiyarka. Idan labarinka a kasuwa yake, je kasuwa ran cinta, ka saurari yadda ake taya kaya da yadda ake sallamawa. Idan akwai tsohuwa a cikinsa, zauna da kakarka ka ji yadda take jera magana. Ba za ka iya rubuta abin da ba ka gani ko ka ji ba.

BA KOWACE CIJEWA CE ƘAFEWAR RIJIYA BA

A nan dole in ja kunne, domin na san wani ɗalibi zai karanta wannan ya ce, "Ai rijiyata ce ta ƙafe," alhali bai taɓa jefa guga ba. Twain shafi 400 ya rubuta kafin ya tsaya. Wanda ya rubuta layi 6 ya tashi, abin da ke damunsa kasala ce, maganinta kuma dabam ne.

Anthony Trollope, marubucin Ingila da ya rasu a 1882, ma'aikacin gidan waya ne na shekaru sama da 30. Yakan zauna a teburinsa da ƙarfe 5:30 na asuba, ya ajiye agogo a gabansa. Yakan fara da karanta abin da ya rubuta jiya, sa'an nan ya sa wa kansa ƙa'idar kalma 250 a kowane minti 15, kafin lokacin tafiya ofis ya yi. Da haka ya rubuta ƙagaggun littattafai 47. Ba na ce ku kai shi ba, amma minti 20 kullum bayan an tashi daga karatun yamma, ko da rabin shafi ne, zai ba ka shafi 15 a wata. Yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya. Ernest Hemingway ma yana da wata dabara mai amfani: yakan tashi daga rubutu a lokacin da ya san abin da zai biyo baya, domin gobe ya sami wurin kamawa.

Akwai kuma cijewar da tsoro ke kawowa, wato son komai ya fito ba aibu tun a karon farko. Ralph Ellison, baƙar fatan Amurka, ya fitar da Invisible Man a 1952, littafin ya ci babbar kyautar adabi ta ƙasar a 1953. Ya shafe kimanin shekara 40 yana aikin littafi na biyu. Gobara ta cinye wani sashe na takardunsa a 1967, ya ci gaba yana rubutawa yana sakewa. Da ya rasu a 1994 ya bar shafi sama da 2,000, amma littafin bai kammala ba. Sai a 1999 aka tsamo wani sashe aka buga da sunan Juneteenth. Idan haka ta sami gwani, ina ga mai koyo? Saboda haka ka raba aikin gida biyu. Ranar rubutu, rubuta kawai, kada ka tsaya goge kowane layi. Ranar gyara, ɗauki jan biro ka zama malamin kanka. Labarin da ya kai ƙarshe, ko da kurakurai a cikinsa, ana iya gyara shi. Farar takarda kuwa ba ta da abin gyarawa.

AIKI DOMIN HUTU

1. Ɗauko labarin da ka ajiye, ka karanta shi da babbar murya daga farko. Sa alama a wurin da ka fara jin ya yi sanyi.

2. Amsa tambayoyin nan 3 game da jaruminka a takarda dabam.

3. Faɗa wa ƙaninka ko ƙanwarka labarin da baki, kamar tatsuniya. Idan ka kai inda ka tsaya, za su tambaye ka, "Sai me ya faru?" Amsar farko da ta zo bakinka, rubuta ta.

4. Zaɓi lokaci ɗaya a rana, ka zauna minti 20 har kwana 14 a jere.

5. Bayan haka, ka faɗa wa kanka gaskiya: cijewarka ta rashin sani ce, ta kasala ce, ko ta tsoro?

Idan aka dawo hutu, ku kawo abin da kuka samu, ko ya kammala ko bai kammala ba, mu zauna mu duba tare. Muna fata mujallar baɗi za ta ɗauki labaran da yanzu suke kwance a ƙasan akwatunanku.