Gyaran Fadamu da Rafuka a Kudancin Kaduna: Darasi Domin Manoma da Matasa

An shirya wannan darasi ne domin manoma, da malaman gona, da ƴan makaranta, da dagatai da masu unguwanni. Nufinsa shi ne a bayyana yadda rafi ke lalacewa, da yadda ake gyara shi, da kuma yadda ake tabbatar da cewa gyaran ya kama.

1. Inda ruwan ke fitowa

Allah Ya albarkaci ƙasar Kafanchan da ruwan sama fiye da yawancin wurare na Arewa, saboda tana gindin tsaunukan Jos ne, inda iskar damina ke cin karo da duwatsu ta zubar da ruwanta. Daga duwatsun Kagoro ƙoramu da dama suke gangarowa. Ɗaya daga cikinsu ita ce mai zubowa daga kan dutse a Matsirga, kusa da Kafanchan. Rafukan wannan gefe suna bi ta Kogin Mada su faɗa Binuwai. Na wajen Kagarko kuwa suna shiga Kogin Gurara, wanda aka datse, ana tura ruwansa ta bututu zuwa madatsar Usuma domin mutanen Abuja. Ashe ke nan abin da manomi ya aikata a bakin rafinsa ba ya tsayawa a ƙauyensu.

2. Amfanin fadama da kurmi

Fadama kamar soso take. Da damina takan shanye ruwan da ya yi yawa, ta rage ƙarfin ambaliya, da rani kuma ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin rafi da rijiyoyi. Ciyawarta tana tace laka da ragowar taki kafin su isa ruwan sha. A cikinta ake noman shinkafa da gwaza da rake da kayan lambu, nan kuma dabbobi ke samun ɗanyar ciyawa idan ko'ina ya bushe.

Kurmi kuwa, watau duhun itatuwan da ke bin gefen rafi, shi ne katangar ruwa. Saiwoyin tukuruwa da gora da malmo da ɓaure su ke riƙe gaɓa. Inuwarsu tana sanyaya ruwa, ruwa mai sanyi kuwa ya fi riƙe iskar da kifi ke shaƙa.

3. Abubuwan da ke ɓata rafi

Ɓarnar ba ta jiya ba ce. Tun zamanin Turawa aka riƙa tona kwarurruka ana wanke kuza, har ma a wajen wannan aiki ne aka tsinci mutum-mutumin Nok na farko a 1928. Bayan da Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, gari ya bunƙasa, bukatar itace da yashi da filin noma ta ƙaru, kuma har yau ba ta daina ƙaruwa ba. Manyan abubuwan da ke cutar da rafi su ne:

(a) Sare kurmi domin gawayi da katako.
(b) Noma har bakin ruwa, da yin kunya bisa gangare maimakon a gicciye.
(c) Ɗibar yashi daga gindin gaɓa, abin da ke sa ta rufta.
(d) Wanke tulun feshi a rafi, da zuba guba domin kama kifi.
(e) Zubar da shara da gina gidaje a kan hanyar ruwa.

Idan aka sare kurmi, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsai da shi. Sai ya kwashi ƙasar gona ya zuba a rafi, ya cike gurabun kifi da yashi, ya kuma ci gindin rafin ya yi zurfi. Rafi in ya yi zurfi fiye da kima, sai ya janye ruwan da ke kwance a ƙarƙashin fadama, kamar yadda lambatu ke tsane fili. Daga nan rijiyoyi su fara ƙafewa tun kafin bazara, makiyayi da manomi su taru a kan ɗan ruwan da ya rage, abin da kan haifar da husuma.

Abin da ya sami fadamar Haɗeja da Nguru ya isa ishara. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canja, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, gonaki da wuraren su da yawa suka salwanta. An shafe shekaru ana fama da gyara. Rigakafi dai ya fi magani.

4. Yadda ake gyara

Ana fara gyara daga kan rafi a gangaro, domin duk aikin da aka yi a ƙasa, ruwan da ya taho da yashi daga sama zai binne shi. Mataki na farko shi ne a tsai da abin da ke kawo ɓarnar. Mutanen gari su zauna tare da hakimi da arɗo su amince a kan faɗin filin da za a bari a kowane gefe ba noma, su kuma keɓe mashaya da burtalin da zai kai dabbobi gare ta.

Sa'an nan a kwantar da gaɓar da ta yi tsaye, a dasa ciyawar jema jeri-jeri, domin saiwarta tana nutsewa ƙasa ƙwarai. A bayanta a dasa itatuwan da aka saba gani a kurmin wurin, da farkon damina. Kada a dasa turare a kan idon ruwa, gama yana da yawan shan ruwa. A ƙananan kwazazzabai a jera duwatsu a gicciye, tsakiyarsu ta fi gefe gajarta, don ruwa ya bi ta tsakiya ya bar yashinsa a baya. Ƙananan shingaye da yawa sun fi babba guda ɗaya, wanda ambaliya ɗaya kan iya tafiya da shi. Da kaka kuma a share kewayen dashen saboda gobarar daji.

5. Awo da ajiye lissafi

Nan ne aiki da yawa ke rushewa. Akan yi bikin dashen itace, a watse, ba wanda ya koma ya ƙirga nawa suka rayu. Gyaran da ba a auna ba, ba a san ko ya yi amfani ba. Saboda haka dole a yi awon farko kafin a taɓa kome, a kuma riƙa maimaita shi a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, shekara da shekaru.

Tsayin ruwa: A kafa sanda mai lamba a gindin gada, a duba ta kowace safiya.

Yawan ruwa: A auna mita 10 a inda rafi ya miƙe, a jefa lemo, a ƙirga daƙiƙa nawa zai yi. Misali, in faɗin rafi mita 2 ne, zurfinsa kwatan mita, lemo kuma ya ɗauki daƙiƙa 20, to lita 250 ke wucewa a kowace daƙiƙa. A rage kashi ɗaya cikin biyar, domin ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu. Saura lita 200.

Gurɓacewa: A zana baƙin gicciye a gindin dogon bututu mai haske, a riƙa zuba ruwan rafi har zanen ya ɓace, a rubuta tsayin ruwan. Duk sa'ad da wannan tsayi ya ƙaru, laka ta ragu ke nan.

Halittun ruwa: A ɗaga duwatsun cikin rafi a duba. Kaguwa da ƴaƴan mazari da ƙananan ƙwari iri-iri alama ce ta lafiya. In ba a ga kome ba sai jajayen tsutsotsi da matsattsaku, ruwan ya ƙazantu.

Itatuwa da rijiyoyi: A ƙirga dashen da ya rayu a ƙarshen rani, a auna zurfin ruwan rijiya sau ɗaya a wata, a ɗauki hoto daga wuri ɗaya kowace shekara.

Shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, domin damina takan bambanta.

6. Masu wannan aiki

Aikin yana bukatar malaman daji da na gona, da masana ruwa, da masu binciken halittu. Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna tana horad da ma'aikata, Jami'ar Jihar Kaduna kuma tana da reshe a Kafanchan. Sana'a ce mai son haƙuri, da shiga taɓo, da riƙon amana wajen rubuta abin da ido ya gani. Amma yaron da ya iya karatu da lissafi ya isa ya riƙe littafin awon ƙauyensu.

Akwai kuma doka. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, shi ya sa ake bikin ranar fadamu kowace 2 ga Fabrairu. A 2009 aka fitar da ƙa'idojin kare fadamu da gaɓar koguna, hukumar NESREA ke kula da su. A 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin ACReSAL domin farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohi 19 na Arewa da Abuja. Duk da haka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikacin gwamnati zai zo ya koma, mutanen gari su ne a bakin rafi kullum.

Tambayoyi

1. Ta yaya zurfin rafi ke sa rijiya ta ƙafe?
2. Don me ake fara gyara daga kan rafi?
3. Rafi mai faɗin mita 4 da zurfin rabin mita, lemo ya yi mita 10 cikin daƙiƙa 40. Lita nawa ke wucewa a daƙiƙa?
4. Wane rafi ne a kusa ya daina kai wa damina, kuma me dattawa suka ce game da kurminsa na da?