Daidaita Madubin Hangen Nesa Mai Ido Biyu

Ɗan Adam ido biyu gare shi, amma hoto ɗaya yake gani. Dalili kuwa shi ne kowane ido yana da tsokoki shida masu juya shi. Su ne ke saita idanun a kan abu guda, sa'an nan ƙwaƙwalwa ta haɗe hotunan biyu. Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda masu nazarin tsuntsaye ke amfani da shi a fadamun Haɗeja da Nguru, a kan wannan tsari ya dogara. Kamfanin Carl Zeiss na birnin Jena a Jamus ya fara sayar da irinsa a 1894. Bututu biyu ne a kan mahaɗi guda, kuma wajibi ne su fuskanci wuri ɗaya.

Alamun Kaucewa

Idan madubin ya faɗi ƙasa, bututu ɗaya kan kauce. Daga nan tsokokin ido ke shiga wahalar haɗe hotunan. Juyowa ciki ba ya yi musu wuya, domin haka suke yi a lokacin karatu. Amma buɗewa waje, ko ɗaga ido ɗaya sama da ɗan'uwansa, ba aikinsu ba ne. Sakamakon shi ne ciwon kai da gani biyu-biyu.

Ana gwadawa da dare. A saita madubin a kan tauraro mai haske, a murɗa gilashin idon dama har tauraron ya baje ya zama faifai. Idan madubin lafiya yake, ɗigon da idon hagu ke gani zai zauna a tsakiyar faifan.

Aikin Zobba

A madubai da yawa, babban gilashin gaba yana zaune cikin zobba biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ramin kowane zobe ba a tsakiya yake ba, wato gefe guda ya fi kauri. Idan kaurin wannan ya haɗu da sirantar wancan, gilashin zai koma tsakiya. Idan kauri ya haɗu da kauri, zai gusa iyakar gusawarsa. Juya su tare kuwa shi ke zaɓen ɓangaren da zai nufa. Duk gusawar da gilashin ya yi, hoton ma sai ya gusa.

Mai gyara zai kafe madubin a wurin da ba ya motsi, ya cire murfin gaba, ya sassauta zoben da ke ɗaure su. Sai ya sa alama da fensir don sanin inda ya faro, ya riƙa juyawa kaɗan-kaɗan yana dubawa, har ɗigon ya shiga tsakiya. Wasu madubai ba su da zobban, ƙananan kusoshi ne ke karkata gilasai masu kusurwa da ke cikinsu.

Abin Lura Ga Malamai

Tazarar idanu ta bambanta daga mutum zuwa mutum, shi ya sa ake buɗe madubin ko a tsuke shi. Idan bututun biyu sun daidaita da juna amma ba su daidaita da mahaɗin ba, gyaran zai yi wa mai gyara kaɗai amfani. Saboda haka a makarantar da ɗalibai ke karɓa-karɓa da madubi ɗaya, sai a maimaita gwajin a buɗe da kuma a tsuke kafin a miƙa musu.