Raunin Gaba Ga Maigida: Abin Da Ya Kamata Iyali Su Sani

Uwargida, yayin da kike zuwa awon ciki, hankalin kowa yana kanki da abin da ke cikinki. To amma lafiyar maigida ma ta iyali ce. Akwai matsalar da maza da yawa ke ɓoyewa saboda kunya, wato raunin gaba. Wannan darasi naku ne ku biyu.

Yadda abin yake aiki

A jikin ɗan Adam akwai wata irin tsoka da ba ta bin umarnin mutum. Ita ce a bangon hanji da jijiyoyin jini da mahaifa, ita ce kuma a cikin gaban namiji. Sinadarin kalsiyam ne ke sarrafa ta. Idan ya yi yawa a cikin ƙwayoyin tsokar sai ta ɗaure, idan ya ragu sai ta saki. Ke ma za ki ga aikinsa ranar haihuwa, domin shi ke sa mahaifa ta ɗaure lokacin naƙuda.

Ga namiji kuwa, sakin tsokar ake bukata. A yawancin lokaci tana ɗaure, jini kaɗan ke shiga. Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyi kan fitar da sinadarin naitirik oksaid, wanda ke sa kalsiyam ya ragu a cikin ƙwayoyin. Daga nan tsoka ta saki, jini ya cika gaba, ya miƙe. Gano aikin wannan sinadari a jijiyoyin jini ne ya sa aka ba masana uku na Amurka kyautar Nobel a 1998.

Ina rawar sinadarin maza?

Testosteron, wanda 'ya'yan maraina ke samarwa, yana motsa sha'awa, yana taimaka wa jiki yin naitirik oksaid, yana kuma kiyaye ita kanta tsokar. Binciken da aka yi a kan dabbobi ya nuna idan ya yi ƙaranci sosai, tsokar kan ragu kuma ba ta saki yadda ya kamata. Yakan ragu a hankali da shekaru. Ƙiba mai yawa, ciwon suga, giya da shan tiramol duk suna ƙara rage shi.

A lura, ba kalsiyam na abinci ake nufi ba. Maigida ba zai warke don ya daina shan nono ba. Ke kuma ki ci gaba da shan duk abin da aka rubuta miki a wurin awo.

Me ya sa ba a yin shiru?

Maigida, sau da yawa ba sinadarin maza ne ya gaza ba, jijiyoyin jini ne suka fara lalacewa. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su ke fara nuna alama, wani lokaci shekaru kafin ciwon zuciya ya bayyana. Damuwa da gajiya ma kan jawo shi. Ka zo a auna hawan jini da suga. Idan likita ya ga dama, za a auna testosteron da safe, lokacin da ya fi yawa a jini, kuma a maimaita awon kafin a yanke hukunci.

Abubuwan kiyayewa

1. Kada ka yi allurar testosteron da kanka. Tana rage ƙwayoyin haihuwa a maniyyi, har ta hana samun wani cikin nan gaba.
2. Ka guji maganin ƙarfin maza na tasha da kasuwa. An sha gano irin sinadarin Viagra a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe. Idan ya haɗu da maganin ciwon ƙirji da ake sawa ƙarƙashin harshe, jini kan faɗi warwas, har a rasa rai.
3. Idan gaba ya miƙe ya kai awa 4 bai kwanta ba, musamman ga mai sikila, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Uwargida, kada ki ɗauka cikinki ne ya sa ya guje ki, kada kuma ki yi masa gori. Ki lallashe shi ya ga likita. Abin da aka faɗa a ɗakin likita sirri ne. Allah Ya sauke ki lafiya.