Amsoshin Tambayoyinku: Yawon Ƙafa a Birnin Washington

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: shin mutum zai iya zaga wuraren tarihin Washington, babban birnin Amurka, da ƙafa?

To Malam, ƙwarai kuwa. Akasarinsu suna jere ne a dogon filin da ake kira National Mall, kimanin kilomita 3 daga ginin majalisar dokoki zuwa ɗakin tunawa da Abraham Lincoln, kuma shiga kyauta ne. A tsakiya akwai hasumiyar George Washington mai tsayin mita 169, wadda aka kammala a 1884. In ka lura, launin dutsen ƙasanta ya bambanta da na sama, don aikin ya taɓa tsayawa sama da shekara 20.

A matattakalar ɗakin Lincoln, an yi rubutu daidai inda Martin Luther King ya tsaya ya yi jawabi a 1963. Amma wurin da ya fi sa jiki yin sanyi shi ne baƙin bangon yaƙin Vietnam, mai sunayen sojoji sama da 58,000. Dutsen yana sheƙi, har kana ganin fuskarka cikin sunayen mamatan.

Ka fita da sassafe, Malam, ka riƙi ruwa, don zafin Yuli a can ba wasa ba ne.