Lissafin Gwargwado: Jawabi ga Malaman Ƙananan Sakandare na Ƙasar Haɗejiya

Malamai da dama suna kukan cewa yara ba su gane lissafin gwargwado, wato gwada adadi da adadi, kamar a ce 1 ga 10, a rubuta 1:10. Abin da ya fi ba su wuya shi ne su yarda 1:10 da 2:20 da 5:50 duk abu guda ne, ko da ya ke lambobin sun sāɓa. A ganinmu laifin ba na yaran ba ne. An cika fara musu da allo, alhali kuwa tun suna ƙanana su ke ganin wannan lissafi a masussuka.

To, sai malami ya fara da zakka. Kowane yaro ya san in an yi dami goma a kan fitar da ɗaya, muddin amfanin ya kai nisabi. A tambaye shi, in dami ashirin ne fa? Zai ce biyu. Hamsin? Biyar. Ya riga ya san darasin ke nan, saura a nuna masa yadda a ke rubutawa. Daga nan a kawo na noman rani. Shinkafar da ruwan sama ko ambaliyar kogi ta shayar, ɗaya cikin goma ce. Wadda aka wahala aka ba ta ruwa da inji ko jigo, ɗaya cikin ashirin. Wannan ya shafi gidaje masu yawa a nan, gama tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu a fadamun Kogin Haɗejiya, mutane suka ƙara dogara ga ban ruwa, musamman wajen Auyo. Manomi mai buhu 40 zai fitar da 4 in ta damina ce, 2 in ta inji ce. Sai yara su gani da idonsu 4:40 daidai ya ke da 1:10, amma 2:40 ba daidai ba ne da shi, ɗan'uwan 1:20 ne.

Ƙa'idar ɗaya ce. Duk abin da aka ninka ɓangare guda da shi, a ninka ɗayan da shi. Duk abin da aka raba wannan da shi, a raba wancan da shi. Ba a ƙarawa, ba a ɗebewa.

A nan ne yara su ke faɗawa rami, saboda haka a daɗe a kai. A ce mai jirgi da masunta a Guri sun shirya, shi kashi 2, su kashi 3. Ran nan aka sayar da kifi naira 10,000, ya ɗauki 4,000, suka ɗauki 6,000. Kashegari kasuwa ta yi kyau, aka sami 15,000, mai jirgi ya ɗauki 6,000. Nawa ne na masunta? Yaro zai ce, ai mai jirgi 2,000 aka ƙara masa, su ma a ƙara musu 2,000, su sami 8,000. Kada malami ya yi masa tsawa. Ya ce masa ya tara 6,000 da 8,000. Ya ga 14,000. Ina dubu ɗaya ta shiga? Da bakinsa zai ce an cuci masunta. Rabon mai jirgi ya tashi daga 4 zuwa 6, wato sau ɗaya da rabi, don haka nasu ma sau ɗaya da rabi, daga 6 zuwa 9. Yaron da ya taɓa neman wannan dubu ya rasa, da wuya ya sāke wannan kuskure.

Ba sai an sayi kome ba. Tsakuwa da ƙwallon goruba sun isa. A jera tsakuwa 2 da ƙwallo 3, a sāke jera irinsu a ƙarƙashi, a sāke kuma, yara suna ƙirgawa: 2:3, 4:6, 6:9. Sai sun ƙware da wannan kana a koya musu gwajin ninka gicciye, inda 4 sau 9 da 6 sau 6 duka su ke ba da 36. In aka fara da shi, haddacewa kawai za su yi.

Akwai kuma buhun takin zamani, wanda ba a rasa shi a kasuwar Haɗejiya ko Malam Madori. Mai lamba 15:15:15 gwargwadonsa 1:1:1 ne, mai 20:10:10 kuwa 2:1:1. Sai a lura fa, lambobin nan suna faɗin yawan kowane sinadari cikin ɗari. Da za a sami mai 10:10:10, gwargwadonsa ɗaya da mai 15:15:15, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. A bar yara su lissafa buhu nawa na farkon zai tsaya a madadin buhu 2 na biyun. Amsa 3 ce, amma kada a faɗa musu sai sun kawo tasu.