Bari Yara Su Yi Wasa

Karatu: Zakariya 8:1-8, Luka 2:52

Sa'ad da Ubangiji ya bayyana wa Yahudawan da suka komo daga bauta a Babila yadda Urushalima za ta kasance idan ya sāke zama a cikinta, ya ambaci tsofaffi zaune a dandali da sandunansu, da kuma yara maza da mata sun cika tituna da wasa. A wurin Allah, hayaniyar yara masu guje-guje alamar salama ce. Yau kuwa gidaje da yawa sun yi tsit, gama kowane yaro ya sunkuyar da kai a kan waya, ko ya ƙura wa talabijin ido.

Luka ya nuna mana cewa Yesu ya yi girma ta wajen hikima da kuma ta wajen jiki. Yaronka ma haka Allah ya tsara shi. Gudu da tsalle su ne ke ƙarfafa ƙashi da tsoka. A wasan langa da carafke da ɓuya yaro yake koyon jiran lokacinsa, da haƙuri idan an ka da shi. Magana kuma a bakin mutanen da ke amsa masa yake koyonta. Waya tana yi masa magana, amma ba ta sauraronsa.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kan yara 'yan ƙasa da shekara 5. Yaron da bai kai shekara 2 ba, kada a zaunar da shi kallon waya ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4, kallon kada ya wuce awa 1 a rana, idan ya gaza haka ma ya fi. Daga shekara 1 zuwa 4 kuma, yaro yana bukatar motsa jiki na aƙalla awa 3 a cikin yini.

To, me za ka yi?

1. Ka sa wa kallo lokaci, ka zaɓi abin da za a kalla, ka zauna tare da yaron kuna hira a kai.
2. A ajiye waya lokacin cin abinci, da lokacin addu'ar iyali, da gab da barci.
3. Idan ka karɓe waya, ka ba shi madadinta: ƙwallo, igiyar tsalle, karan dawa na ƙera mota, ko tatsuniya da dare.
4. Kada ka miƙa masa waya a cikin sujada don ya yi shiru. Ka kai shi ajin yara, ya yi waƙa da tafi tare da 'yan'uwansa.
5. Ka fara da kanka. Yaro ba zai saki abin da kullum yake gani a hannun mahaifinsa da mahaifiyarsa ba.

Zai yi kuka a kwanakin farko. Ka daure, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambaya: Awa nawa yaronka ya yi yana kallo jiya, awa nawa kuma ya yi yana wasa?

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni hikimar renon 'ya'yan da ka danƙa mini amana. Ka cika gidana da dariyarsu da lafiyarsu, cikin sunan Yesu. Amin.