Motar kara mai tafiya da kanta

Yaran Gaya sun iya ƙera motar kara. Mu taimake su, su ci gaba.

A Amurka, tun 1998, yaran lakwal suna gasar ƙera na'ura mai aiki da kanta. Ƙungiya ba ta wuce yaro 10.

Mu ma mu tara yara, maza da mata. A nemo ɗan inji na motar wasa da ta lalace, da waya, da pil 2. A haɗa injin da ƙafar motar kara da zoben roba. In an juya wayoyin, mota ta koma baya. Ku tambayi yaran: don mi?

Kada su taɓa wutar Nigelec. Tana kisa.

Ran gasa a kira iyaye, har da waɗanda suka fid da ɗiyansu daga lakwal, suka tura su dako bakin gadar Malanbil.